Daga Windows Famille zuwa Pro, ba sai an yi formate ba

Assalamu alaikum ƴan'uwa, sannunku da aiki.

Kwanan baya wata baiwar Allah mai riƙe da lissafin kuɗi a wata ƙaramar ma'aikata nan Yamai ta kira ni hankalinta a tashe. An sayo mata sabuwar kwamfuta, ta yi wata biyu tana zuba aiki a ciki, sai mai kula da na'urorin ma'aikatar ya ce ba za ta shiga domen ɗinsu ba, wato tsarin da ke haɗa kwamfutocin ma'aikata ƙarƙashin kulawa ɗaya, don Windows Famille ce a kanta, wato ta amfanin gida, sai Pro ta ma'aikatu ke shiga. Wani kuma ya ce mata sai an goge komai an sake zubawa. Na ce, Hajiya, kada ki bari kowa ya yi miki formate.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kayan Pro suna nan kwance cikin Windows ɗin da kuke aiki da ita. Kulle suke, lambar lasisi ce mabuɗin. Fayilolinku, Excel ɗinku, har hoton da ke kan allo, duk za ku tarar da su inda kuka bar su.

To ku dubi allo. A Windows 11 ku buɗe Paramètres, ku shiga Système, sannan Activation. Mai Windows 10 kuwa zai same shi ƙarƙashin Mise à jour et sécurité, amma ya sani tun 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ta daina ba ta gyaran tsaro na yau da kullum. A cikin Activation za ku ga Modifier la clé de produit. Ku danna, ku rubuta lambar: haruffa da alƙaluma 25, biyar-biyar sau biyar. A hankali, don B da 8 suna yawan ruɗar ido. Dole ku kasance kan asusun administrateur, wato mai cikakken iko da kwamfutar, kuma da intanet.

Kafin ku danna maɓallin ƙarshe, ku saurare ni. Kun san yadda wuta take ɗaukewa a garin nan, musamman lokacin zafi. Kwamfutar za ta kashe kanta ta sake tashi, wataƙila fiye da sau ɗaya. In ta tebur ce, a haɗa ta da ondilar, na'urar da ke riƙe mata wuta in an ɗauke. In ta hannu ce, batir ya cika. Ku kwafi muhimman takardu a kile USB tukuna, ko da yake ba a taɓa su.

Maganar lamba ita ce ta fi damuna. Waɗanda ake turo muku ta WhatsApp da araha sukan yi aiki yau, gobe a toshe su, kwamfutar ma'aikata ta koma tana neman lasisi. Ku fara tambayar mai kula da na'urorinku, wataƙila ma'aikata tana da nata. In babu, a saya ta Microsoft Store ko wajen dillali amintacce. Kuma ku sani, komawa Famille daga Pro sai da sake zubawa.

Kwamfutar ta gama tashi? Ku danna maɓallin Windows da R, ku rubuta winver. In kun ga Professionnel, an gama. Yanzu za ta shiga domen, a iya aiki da ita daga nesa, ga kuma BitLocker mai rufe faifai don kada ɓarawo ya karanta. In kun kunna shi, zai ba ku lambar ceto mai alƙaluma 48. Ku buga ta a takarda, ku kai wa mai kula da na'urori ya adana a aljihun tebur mai makulli, ba cikin jakar kwamfutar ba.