Targaɗen babban yatsan ƙafa a filin wasa

Kawo hoton ƙafa a ranka. Diddige a sama, babban yatsa dafe da ƙasa, ɗan wasa na shirin zabura. Sai wani ya faɗo masa ta baya. Yatsan ya lanƙwashe sama fiye da kima, jijiyoyin da ke riƙe gindinsa ta ƙasa suka ɗame, ko ma suka yage.

A 1976 ne masu bincike biyu a Jami'ar West Virginia ta Amurka, Bowers da Martin, suka raɗa wa ciwon suna turf toe, ganin yadda ya addabi 'yan ƙwallon Amurka bayan an koma wasa kan ciyawar roba da takalmi mai laushin ƙasa. Da wannan ciwon ɗan wasa Patrick Mahomes ya buga Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, a Fabrairun 2021, kwanaki kaɗan bayan wasan aka yi masa tiyata.

A asibiti, likita zai tambayi yadda abin ya faru, ya danna ƙarƙashin gaɓar, ya ɗaga yatsan a hankali. Akwai ƙasusuwa biyu ƙanana a wurin, kamar ƙwayar wake. Shi ya sa ake ɗaukar hoton ƙafafun duka biyu a gwada: in na ƙafar mai ciwon sun ja baya, to jijiyar ta tsinke. Hoton MRI, mai nuna jijiyoyi da tsoka, ne zai nuna girman ɓarnar.

Mai sauƙin, kwanaki kaɗan ya ishe shi. A huta, a ɗora ƙanƙara cikin tsumma na minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafar kan matashi, a naɗe yatsan da filasta yadda ba zai ɗagu ba, a sa takalmi mai taurin ƙasa. In akwai kumburi da taruwar jini, sai takalmin asibiti da hutun kamar mako biyu. Wanda ya yage gaba ɗaya kan ci watanni, wani lokacin sai an ɗinke.

Amma fa, don Allah, kada wani ya ce maka “kawo in ja maka shi, targaɗe ne kawai”. Jan nan ƙara yaga jijiyar yake yi. Wanda kuma ya koma fili da wuri, gaɓar na iya sandarewa, ya zama ko ɗage a kan yatsu ba ya iyawa, balle gudu.