Willie Nelson a Alabama: faifan da ya raba labarin saki gida biyu

Assalamu alaikum jama'a. Malam shugaban zama, na gode da wannan dama. Waɗanda ke can baya, idan ba ku ji na sai ku ɗaga hannu.

Ni dai na taso a gidan da rediyo-kaset ba ta hutawa. Kawuna direban babbar mota ne, idan ya dawo daga Legas sai ya zo da kaset ɗin Don Williams da Jim Reeves da Dolly Parton. Bai iya Turanci ba ko kaɗan, amma sai ka ga ya kishingiɗa yana gyaɗa kai. Mutanenmu sun daɗe da sanin wannan kiɗa da ake kira kantiri, waƙar mutanen karkarar Amurka. A lokacin mun ɗauka waƙar fararen fata ce zalla, masu malafa da doki. Kiɗan sol kuwa, na su Aretha Franklin da Wilson Pickett, mun ce wannan na baƙaƙe ne. Faifan da na kawo muku yau shi ya fara warware min wannan zato. Sunansa Phases and Stages, na Willie Nelson, ya fito a 1974.

An haifi Willie a 1933 a wani ɗan ƙauye da ake kira Abbott a jihar Teksas. Ya je Nashville, cibiyar kantiri, ya yi suna wajen rubuta wa wasu waƙa, su ci kasuwa da ita. Amma da ya rera da bakinsa a kamfanin RCA, sai abin ya ƙi. Laifinsa ɗaya: ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da kiɗa. Sai ganga ta faɗi, ka zaci ya manta baitin, can sai ya shigo a makare, ya ja kalma ɗaya, ya haɗiye uku, ya kamo kiɗan a gaba. Masu shirya faifai a Nashville suka ɗauki wannan a matsayin aibi, suka riƙa lulluɓe muryarsa da tarin goge da 'yan amshi, kamar mai zuba suga a miyar kuka. (Dariya.) Ya gaji, ya tattara ya koma Teksas, ya zauna a Austin.

Sai ga Jerry Wexler, mai shirya faifai na kamfanin Atlantic. Ku riƙe sunan nan. Tun shekarun 1920 kamfanonin faifai suka raba kasuwa biyu, faifan baƙaƙe suna kiransa faifan launin fata, na talakawan fararen karkara kuma suna da nasa suna na raini. Wexler ne, yana ɗan jarida a mujallar Billboard a 1949, ya kawo sunan rhythm and blues da ya maye gurbin na farkon. Shi ne kuma ya kai Aretha Franklin garin Muscle Shoals na jihar Alabama a 1967, inda tauraronta ya fara haskawa. Ya ji Willie yana rera waƙoƙin wannan faifai namu a wata liyafa a gidan marubucin waƙa Harlan Howard, ya ce zo mu yi aiki. Suka fara da faifai ɗaya a 1973, sannan ya ce wannan na biyun a Alabama za a yi shi.

Daga Nashville zuwa Muscle Shoals bai wuce tafiyar Kano zuwa Kaduna ba. Amma mutanen Nashville suka ga kamar an kai limami gidan kalangu. Sutudiyon ma abin dariya ne, ɗan ƙaramin gini a bakin titi, wanda a da akwatunan gawa ake sayarwa a ciki. Makaɗa huɗu ne suka buɗe shi a 1969 bayan sun bar maigidansu Rick Hall. A cikinsu akwai Roger Hawkins mai ganga, David Hood mai jita mai kaurin murya, da Barry Beckett mai fiyano. To ga inda nake so ku buɗe kunne. Waɗannan mutane da suka kaɗa wa manyan mawaƙan sol baƙaƙen fata, har duniya ta rantse baƙaƙe ne, dukansu farare ne, waɗanda suka taso a Alabama, a jihar da wariyar launin fata ta yi ƙamari. Shi kuma banjo, wanda ake ɗauka tambarin kantiri ne, bayi ne suka zo da asalinsa daga Afirka ta Yamma. Ƙwarya ce da fata da tsirkiya, ɗan'uwan gurminmu. Ku gaya min, ina iyakar take?

Mutum zai ce, to ina sol ɗin a faifan? Kada ku nemi kakaki da ihu, babu su. A ganga yake. Makaɗin da ya saba da mawaƙan coci na baƙaƙe ya san mawaƙi yana da 'yancin jinkiri. Hawkins ba ya bin Willie a guje don ya gyara masa, ba ya kuma jan sa. Yana dasa kiɗan wuri ɗaya, ya bar fili, Willie ya yi yawonsa ya dawo ya same shi. Duk wanda ya taɓa sauraron makaɗan fada, yadda uban waƙa ke sakin baiti ya bar 'yan amshi da masu kotso riƙe da zaren, ya san abin da nake nufi. Abin da aka ƙi a Nashville shi aka girmama a nan.

Sai labarin kansa. Faifan na da ne, baƙin nan mai fuska biyu, kuma gaba ɗayansa labarin mutuwar aure ɗaya ne. Fuskar farko ta matar ce. Ana buɗewa da ita tana wanke-wanke, tana lissafin shekarun da ta yi tana wa mutumin da bai damu ba hidima. Ta fice, ta koma gidan uwarta, ta yi baccin gajiya, sannan a hankali ta fara fita, har zuciyarta ta soma karkata ga wani tana tsoron kada a maimaita. Mu nan sai mu ce ta shiga zawarci. Sai allura ta kai ƙarshe, ɗaki ya yi tsit. Dole ka tashi da ƙafarka ka juya faifan kafin ka ji bakin mijin. Shi kuwa ga shi a jirgi daga Los Angeles zuwa Houston da kofin giya a hannu, yana nuna ko a jikinsa, kafin abin ya dawo ya danne shi. Willie a lokacin aurensa biyu sun riga sun mutu, don haka ba jita-jita yake ba mu ba. Ni abin da ya fi burge ni, matar ya fara bai wa baki, kuma bai yanke wa kowa hukunci ba. A ganina ma fuskar matar ta fi ta mijin ƙarfi nesa ba kusa ba, ko da yake waƙar jirgin ce ta fi shiga rediyo.

Faifan ya samu karɓuwa daidai gwargwado, amma a cikin shekarar nan ta 1974 Atlantic ta rufe sashenta na kantiri, ta bar shi ba mai tallata shi. Willie ya koma kamfanin Columbia, da sharaɗin ba mai sa masa baki a aikinsa, kuma faifan da ya yi musu a 1975 shi ya mai da shi Willie Nelson ɗin da kuka sani.

Na ga shugaba yana duban agogo. Ɗan'uwa mai kula da na'ura, taimaka ka sa mana fuskar farko daga farkonta. Ku kuma ku bar batun Turancin, ku bi ganga kawai, ku ƙirga sau nawa za ta riga shi faɗuwa.