Tsumma da Gwangwani: Abin da Hannu Zai Iya Fitarwa Daga Cikinsu

(An rubuto wannan lacca ne daga muryar da aka naɗa a wani taron mata masu koyon sana'ar hannu a Kano. An rage maimaici kawai.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena, yayyena da ƙannena, sannunku da fitowa. Na ga da yawanku da goyo, don haka ba zan ja zancen ba. Na can baya kuna jina? To madalla.

An ce in yi magana a kan yadda ake mayar da tsofaffin tufafi da tarkacen gida su zama abin amfani. Kada wata ta zaci sabon ilimi na ɗauko daga waje. Gammon da mai tallar fura ke ɗorawa a ka, tsumma ne. Gugan rijiya, tsohon tiyub ɗin mota ne. Fitilar aci-balbal da iyayenmu suka yi karatun allo da ita, gwangwanin madara ce. Takalmin taya da makiyayi ke shiga ƙaya da shi, igiyar da ake tufkawa da zaren buhu, motar langalanga da yaranmu ke ƙerawa su yanko mata taya daga mataccen silifa, duk namu ne. Inda muka gaza shi ne, muna yi ne a ɓoye, don babu, kuma ba mu tsayawa mu gama aikin da kyau. Shi ya sa abin yake tsayawa a tsakar gida, ba ya kai wa kasuwa.

Kunyar nan ma ban san inda muka samo ta ba. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ce Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana ɗinke tufarsa da kansa, yana gyara takalminsa. Imam Malik ya ruwaito cewa Anas ɗan Malik ya ga Sayyidina Umar, yana shugaban Musulmi, da faci uku a tsakanin kafaɗunsa. A Sudan kuwa, mabiya Mahadi, wanda ya bayyana da'awarsa a 1881, jibba mai faci suke sawa alamar gudun duniya. Da tafiya ta yi tafiya sai teloli suka riƙa yanka facin daidai wa daida, ja da shuɗi da baƙi a kan farin yadi, suna bin gefensa da ɗinki mai kyau, har ta zama rigar manyan mayaƙa. Yau tana ajiye a gidajen tarihi a Ingila ana zuwa kallo. Facin dai shi ne, hannun da ya ɗora shi ne ya sauya.

Me ya sa maganar ta fi matsawa yanzu? Garin nan da muke zaune, da tufa aka san shi. Baturen nan Barth da ya zo Kano a 1851, saƙa da rini ya fi yabawa, ya ga ana kai kayanmu har Tambutu da Tarabulus. A 1957 aka buɗe masaƙar KTL a Kaduna, wasu suka biyo baya, yau kusan duk sun mutu. Abin da ya maye gurbinsu shi ne yadin waje da dilar gwanjo, ku leƙa Ƙofar Wambai ku gani. A Akara ta Ghana akwai kasuwar Kantamanto, wadda gobara ta cinye babban ɓangarenta a watan Janairun 2025. Ƙungiyar Or Foundation da ke aiki a can ta ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shiga kasuwar duk mako, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari shara suke zama. Wasu daga cikin sharar a bakin teku ake tsintarsu.

Kuma tsumman yau ba irin na da ba ne. A da auduga ce: in zani ya mutu ya tafi bola, ya ruɓe, manoman karkara su zo da jakuna su kwashi taki. Yanzu fiye da rabin zaren da duniya ke yi na roba ne, daga man fetur ake fitar da shi. Ba ya ruɓewa. Shi da leda ne ke toshe mana kwata da damina, shi akuya ke haɗiya ta kumbura.

To, bari mu zo kan aiki. Abu na farko, ki san abin da ke hannunki. Ki yanki ɗan ƙyalle daga gefen tufar, ki riƙe da almakashi, ki kusanta shi da ashana, nesa da yara don Allah. In auduga ce za ta kama da wuta, ta yi warin takarda, tokarta ta murmushe a yatsa. In roba ce za ta tattare ta narke, ta yi warin leda, ta bar baƙin dunƙule mai tauri. Wannan gwajin shi zai gaya miki inda kowanne zai tafi. Auduga tana shan ruwa, tana jure zafi: ita ce ta tsumman sauke tukunya, majanyi, matashin jariri, abin goge hannu. Roba ba ta shan ruwa amma tana daɗewa: ita ce ta jaka, ta shimfiɗar ƙofa, ta igiyar shanya. Wadda ta ɗinka abin sauke tukunya da yadin roba, ranar da ya narke mata a tafin hannu za ta tuna da ni.

Sai wanki. Ruwan zafi da sabulu, a shanya a rana ta buge shi sosai, a goge. Kafin ki yanka, ki cire maɓallai da zif ki tara a gwangwani, don su ma kuɗi ne. Mai jan launi kuma ki ware shi daban, kada ya ɓata miki sauran.

Ga wannan da ke hannuna, a miƙa shi baya kowa ta taɓa. Shimfiɗar bakin ƙofa ce. Ƙasanta buhun shinkafa ne, na wanke na yanka, na naɗe bakinsa sau biyu na bi da keke don kada ya zare. Samanta tsofaffin rigunan yara ne masu talewa, irin waɗanda in an yanka ba sa zubar da zare. Na yanka su siri-siri, faɗin yatsa biyu, tsawon ɗan ali. Da ƙwarashi ake cusa kowanne ta ramin saƙar buhun, a fito da shi ta ramin da ke kusa, a ƙulle. Layi bayan layi, a matse, har buhun ya ɓace. Yanzu ku juya bayanta. Kun ga na sa mata shafi da tsohon wandon jins? Wannan shafin shi ne cinikin. Mai saye bayan abu take fara dubawa, in ta ga buhu da sunan shinkafa ɓaro-ɓaro, tayin wulaƙanci za ta yi miki. Ido ba mudu ba, ya san kima.

Haka abin yake a bargon haɗe-haɗe. Ku je wurin telan unguwa, musamman gab da sallah, ƙyallayen atamfa da shadda buhu-buhu yake sharewa. Wasu kyauta za su ba ki, wasu sun waye sai kin ba da na goro. Kada ki haɗa yadda suka zo. Ki yanki kwali murabba'i ɗaya, ki riƙa ɗora shi kina fitar da kowane ƙyalle a kansa, girmansu ya zo ɗaya. Ki zaɓi launi biyu ko uku su yi rinjaye, ba kowane launi da Allah Ya halitta ba. (Dariya.) Ki goge kowane ɗinki kafin ki ɗora na gaba. Tsohon zani a tsakiya, wani a baya, ki bi da dogon ɗinki ya kama su duka. Lokacin hunturu ba za ki nemi mai saye ba. Farar shaddar da ta koɗe kuma, kafin ki sa mata almakashi, ki kai ta marina a Ƙofar Mata a tsoma ta a baba, a kai wa masu bugu, ki ga ko za ki gane ta.

Akwai abin da ba a sake amfani da shi, kuma a nan ba na wasa. Galan ko kwalbar maganin feshi, ko sau nawa kika wanke, kada ruwan sha ko man girki ya shiga ciki. Buhun takin zamani ba na zuba gari ba ne. Tsohon batirin mota ki bar wa 'yan jari bola, kada yaro ya fasa shi, dalma ce a ciki. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara sama da 400. Tukwanen da ake narka tarkacen alminiyam a zuba ma, gwaje-gwajen da aka yi a Kamaru sun samu dalma na fita daga wasunsu, saboda abin da ake haɗawa a narka. In na gwangwanin lemo ne zalla da sauƙi, in da kayan inji a ciki, akwai magana. Gwangwanin tumatir ki yi masa fenti ki shuka na'ana'a ko ki zuba allurai, amma ki danne bakinsa da guduma tukuna.

Wata baiwar Allah ta aiko da tambaya a takarda, wai nawa za ta sa wa shimfiɗar ƙofa tunda tsumman kyauta ne. Yaya, tsumman ne kyauta, wuninki ba kyauta ba ne. Ki lissafa sabulu, zare, gawayin guga, kuɗin mota zuwa wurin tela, sannan ki ɗora ladan aikinki kamar yadda za ki caji wadda ta kawo miki ɗinki. In kuɗin ya fi ƙarfin maƙwabta, ki ɗauki hoto a wuri mai haske ki sa a WhatsApp, ko ki kai wa masu haɗa kayan ɗakin amare su gani. Mako mai zuwa kowa ta zo da buhu ɗaya wankakke, da almakashi, da rigunan yara uku da suka yi musu kaɗan. Ƙwarashi akwai a nan, za a raba.