Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki Yayin Ziyararsa Taskar Busassun Tsirrai

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka, Allah ya ƙara maka lafiya da nasara. Masu girma 'yan majalisar Sarki da hakimai, shugabannin jami'a, malamai da ɗalibai, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

A madadin ma'aikatan wannan taska, ina yi wa Mai Martaba barka da zuwa, barka da hanya. Tun ranar da saƙo ya iso cewa uban ƙasa da kansa zai tako ya duba aikinmu, murna ba ta bar mu mun zauna ba. Mun gode, Allah ya saka da alheri.

Ranka ya daɗe, abin da ke cikin kabad-kabad ɗin nan ganyaye ne da furanni da 'ya'yan itatuwan ƙasarka. Ga takarda ɗaya na ciro don ka gani da idonka. Reshen sabara ne, da ganyensa mai ruwan toka da 'ya'yansa masu gashi. An tsinko shi a daji, an shimfiɗa shi tsakanin tsofaffin jaridu, an matse da katako har ya bushe, sannan aka manna shi a kan takarda mai kauri. A kusurwar ƙasa ga 'yar takardar shaida: sunan wanda ya tsinko, da rana, da garin da aka samo shi, da irin ƙasar wurin. Wannan 'yar takarda ita ce ran aikin. Da ita za a iya cewa a shekara kaza akwai ƙirya ko marke ko maɗaci a dajin gari kaza, ko da yau an je an tarar da fili fetal, gatari da gawayi sun cinye. Idan aka kiyaye takarda irin wannan daga danshi da ƙwari, tana kaiwa ɗaruruwan shekaru. Waɗanda aka matse a Italiya tun ƙarni na 16 suna nan har gobe.

Tsirran ƙasar Hausa sun daɗe da ƙetare teku. Likita Oudney, abokin tafiyar Baturen nan mai yawon binciken ƙasashe Clapperton, yana tattara tsirrai ne a hanyarsa ta zuwa Kano lokacin da ajali ya riske shi kusa da Katagum a 1824. A bayanin da masanin tsirrai Robert Brown ya rubuta kan tsirran wannan tafiya a 1826 ne aka raɗa wa dangin ɗorawa sunan kimiyya Parkia, don tunawa da Mungo Park. Daga baya wani likitan, Dalziel, ya yi aiki a Arewa, ya tattara tsirrai a Sakkwato da Katagum da Yola, ya kuma wallafa littafin sunayen tsirrai da Hausa a 1916. Samfuran da suka ɗiba suna Ingila, da yawa a taskar Kew da ke Landan, mai samfuri sama da miliyan 7. Na Nijar da Chadi kuwa an fi samun su a Faris. A nan gida, babbar taskarmu ita ce ta cibiyar binciken gandun daji da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1942.

To ka ga, ranka ya daɗe, shekara da shekaru, ɗalibin da ke son tabbatar da sunan wata ciyawa da ta tsiro a bayan gidansu sai ya nemi biza da kuɗin jirgi, ko ya haƙura. Mutum nawa ne cikinmu ke da wannan hali? Yanzu Allah ya kawo sauƙi. Manyan taskokin duniya suna ɗaukar hoton takardunsu suna sakawa a intanet. Faris ta riga ta ɗauki miliyoyi, Kew ma ta fara nata a 2022. Akwai kuma rumbun bayanan halittu na intanet mai suna GBIF, wanda aka kafa a 2001 mai ofishi a Kofanhegan, inda kowa zai shiga kyauta ya ga inda aka taɓa samun wani tsiro. Na ga ɗaliba a wannan ɗakin ta buɗo hoton wani reshe da aka tsinka a Katagum fiye da shekara 100 da suka wuce, ta ƙara girmansa har tana ƙirga jijiyoyin ganyen, ta kwatanta da wanda ta tsinko da hannunta. Ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba.

Wannan ne ya sa mu ma muka ɗaura ɗamara, don kada mu zama masu karɓa kawai. Anjima kaɗan za ka ga yadda ake yi. Da farko sai a sa takardar cikin firiza na kwanaki don ƙwari da ƙwayayensu su mutu. A gyara abin da ya ɓalle, a zuba irin da ya zube cikin ƙaramar ambulan. A manna mata lamba tata ita kaɗai, a ɗora ta ƙarƙashin kyamara tare da ma'aunin tsayi da allon launuka. Ɗaukar hoton ba ya cin lokaci. Inda gizo ke saƙar shi ne karanta takardar shaida: rubutun hannu ne da tawada ta koɗe, sunan ƙauye kuma an rubuta shi yadda kunnen Bature ya ji, wani ƙauyen ma ya tashi ko ya sauya suna. Ma'aikaci kan yi wuni guda kan takarda ɗaya. Kuma ba gaggawar banza muke yi ba. A 1943 bam ya faɗa wa taskar Balin a Jamus, mafi yawan samfuranta suka ƙone ƙurmus. Mu nan gara da yoyon rufi da ɗaukewar wuta sun ishe mu fargaba. Na taɓa buɗe wani kundi bayan damina na tarar ƙwari sun mayar da furannin gari, sai takardar shaida kawai ta rage. Abin ya tsaya mini a rai har yau.

Sai dai akwai abin da kyamara ba ta iya ɗauka, kuma shi ne dalilin da ya sa zuwanka ya fi mana komai. Takardu da yawa suna ɗauke da sunan Latin kaɗai. Ba su ce wannan shi ne gawo ba, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya kuma yi kore da rani ya ciyar da dabbobi. Ba su ce ga ɓawon da majema ke nema ba, ga saiwar da ungozoma ke jiƙa wa mai jego, ga ciyawar da makiyayi ke kau da shanunsa daga gare ta. Wannan ilimin yana kan tsofaffi, kuma kullum ana rage su. Tsiro ɗaya ma yakan yi suna biyu ko uku tsakanin Kano da Sakkwato da Damagaram, ban da na Fulfulde da Barbarci.

Don haka muna roƙon alfarma, Allah ya taimaki Sarki. Idan fada ta yi magana, hakimi zai ji, dagaci da mai unguwa za su buɗe mana ƙofa. Muna so a haɗa mu da Sarkin Noma da Sarkin Baka da arɗo-arɗo da masu maganin gargajiya, mu zauna da su a gindin bishiya da takardunmu, su faɗa mana suna da amfani. Mun ɗauki alkawari cewa ba za mu rubuta sirrin kowa ba sai da yardarsa, wanda ya yarda kuma za a ambaci sunansa da garinsu. Tsiron da ya yi ƙaranci ba za mu bayyana takamaiman wurinsa a intanet ba, gudun masu tonon saiwa su ƙarasa shi. Muna kuma roƙon Mai Martaba ya sa baki a wajen masu hali, a taimaka mana da wutar sola da kabad na ƙarfe masu rufuwa ruf, domin firiza da kwamfuta ba sa aiki da alkawari.

Yanzu, da izininka, ɗalibanmu sun shirya takardar farko da muka tsinko daga masarautarka, reshen kaɗanya ne da furensa. Muna roƙon ka danna maɓallin kyamara da hannunka mai albarka. Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya zaunar da ƙasarka lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya mayar da kai fada lafiya tare da tawagarka.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.