Lacca: Me Ya Sa Hoton Jirginka Yake Rawa?

Assalamu alaikum, jama'a. Ɗazu wani ɗan'uwa ya nuna mini bidiyon da ya ɗauka da jirginsa maras matuƙi a wurin biki. Katanga ce tsayayya, amma a hoton tana kaɗawa kamar zane a kan igiyar shanya. Ya ce zai canza kyamara. Na ce masa, Malam, riƙe kuɗinka tukuna.

Yawancin kyamarorin nan masu na'urar CMOS, wato idon da yake karɓar haske a cikin kyamara, ba sa kama hoto a lokaci guda. Layi-layi suke karantawa, daga sama zuwa ƙasa. In jirgi yana karkarwa, kafin a kai layin ƙasa kyamara ta riga ta gusa daga inda take, sai abin da yake miƙe ya fito a karkace. Kyamarar lafiyarta ƙalau, girgizar ce za mu bi sawunta.

Ku fara da farfela. Kowa a nan ya san fankar sama in fiffikenta ɗaya ya lanƙwashe, yadda take rangaji. To, injin da yake juyi sau 6,000 a minti, sau 100 ke nan a daƙiƙa ɗaya, kuma guda huɗu ne a jikin jirgin. Ɗan bambancin nauyin da hannunka ba zai ji ba, a wannan gudun ya isa ya ɓata aikin yini. Ɗora farfelar a kan ma'auninta, ɗan sandan nan da yake barinta ta juya a sake. Ɓangaren da ya sunkuya shi ne mai nauyi. Manna ɗan guntun salotef a ɗaya ɓangaren, ka sake gwadawa, ka rage ko ka ƙara, har sai ta tsaya a duk inda ka ajiye ta. Yana cin lokaci, na sani. Wadda ta tsage ko ta gutsure kuwa, don Allah a jefar.

Sai injuna. Cire farfela duka kafin wannan gwajin, ina maimaitawa, duka, saboda yatsunku. Kunna su ɗaya bayan ɗaya, ka ɗora waya mai manhajar auna girgiza a hannun jirgin. Wanda ya fi sauran karkarwa, ko sandarsa ta lanƙwashe a wata faɗuwa, ko boris ya ci. Ƙurar hunturu tana kashe boris da wuri, shi ya sa nake roƙonku ku daina tashi daga kan rairayi, ku shimfiɗa ko da kwali ne. Ku bi sukurori ku ɗaure.

Robobin da suke tsakanin jirgi da mariƙin kyamara suna tace ragowar girgiza ne kawai. Masu tauri suna barinta ta wuce, masu laushi da yawa kuma sai kyamara ta riƙa lilo. Masu amfani da ArduPilot, manhajar sarrafa tashin jirgi, ku duba bayanan tashi: ƙasa da 30 a ma'aunin girgiza ba damuwa, in ya haura 60 akwai matsala.

Ranarmu ma tana da hannu. Da tsakar rana kyamara tana ƙifta ido da sauri ƙwarai, rawar ta fito fili. Sa mata gilashin rage haske na ND, in kana ɗaukar hoto 30 a daƙiƙa ka saita ƙiftawar a 1/60 na daƙiƙa. Wa ya zo da farfelarsa? Miƙo ta nan mu auna.