Kunnen Bango, kashi na yau: Settle, da 'ya'yan mai gwanjo

Mubarak: To jama'a barkanmu da warhaka, yau dai babu doguwar gaisuwa, don tun ranar Asabar gurup ɗinmu bai huta ba. Abba ne ya jefo Latch da tsakar dare, wai waƙar tasa ce ta bana.

Abba: Ban ce ta bana ba fa.

Zainab: Ka ce. Ina da sikirinshot.

Mubarak: Waƙar da ta fito tun Oktoban 2012 malam! Kai lokacin kana sakandare kana cin ƙosai a leda. Shi ya sa na ce mu zauna a kan albam ɗin gaba ɗaya, Settle na Disclosure, a ƙarshe kowa ya ba shi maki cikin goma. Wa da ƙani ne, Guy da Howard Lawrence, 'yan wani gari Reigate a kudu da Landan, albam ɗin ya fito tsakiyar 2013, babban yana da shekara 22 ƙaramin 19, kuma yana fitowa ya haye lamba ɗaya a Birtaniya.

Zainab: Sha tara. Ƙanina mai sha tara ko shayi bai iya haɗawa ba.

Mubarak: Kuma kun san inda suke haɗa kiɗan a farko? A saman wurin aikin babansu, shi baban mai gwanjo ne.

Abba: Tsaya tsaya. Gwanjo dai gwanjo?

Mubarak: Ba na riguna ba kai, irin wanda ake buga guduma, wa ya fi, wa ya fi, an sayar.

Abba: A'a ni dai ka riga ka ɓata min. Yanzu duk sanda na saka waƙar nan baban nake gani ya buɗe dila yana ɗaga wando yana cewa zaɓi ɗari biyar biyar.

Zainab: Su kuma yaran a sama dum dum dum, kwastoma yana gwada jaket yana gyaɗa kai.

Abba: "Alhaji nawa ne wannan kiɗan?" "Wannan fes giret ne, daga Landan, ba a taɓa sawa ba."

Zainab: An taɓa sawa mana, ai shi ne gwanjo.

Mubarak: To ai Zee kin faɗi gaskiya ba ki sani ba, don kiɗan da ke cikin albam ɗin ma wani iri gwanjo ne. UK garage da house ne, salon kiɗan rawa na kulob, kayan shekarun 1990 da farkon 2000, lokacin da garage ke tashe a Landan yaran nan ko goma ɗayansu bai kai ba. Sun ɗauko abin da yayyensu suka sa suka ajiye, suka wanke suka goge.

Abba: Ka ga? Sana'ar gado ce.

Zainab: Garage ɗin ma ni sai na tuna garejin makanikai, gwanjo a ƙasa gareji a sama, Ƙofar Ruwa kenan.

Abba: Saura mai shayi a ƙofa.

Mubarak: Ku bari mana in kai inda za ni. Abin da nake ta faɗa a gurup ba wanda ya saurare ni shi ne, albam ɗin nan ya daɗe bai tsufa ba ne saboda waƙoƙi ne na gaske a ciki, ba kiɗa zalla ba. A 2013 ku tuna abin da ake kira kiɗan na'ura, wancan na manyan filaye ne, a yi ta hawa ana hawa ana hawa sai a sako maka abu kamar janareta ya faɗo daga bene, kowa ya yi tsalle, an gama. Su kuma waɗannan sai suka zo da baiti da amshi, da murya mai daɗi a gaba, bes a ƙasa yana tafiya a hankali, za ka iya ka cire kiɗan ka rera waƙar kana wanke-wanke ta zauna daram. Kuma ba haɗari ba ne, Guy mai buga ganguna ne tun yana yaro, Howard yana kaɗa bes da piyano, ba wai kwamfuta kawai suka buɗe suna danne-danne ba.

Zainab: Ni a nan ne ban yarda da kai duka ba yaya Mubarak. In waƙa ce ta riƙe albam ɗin, to mawaƙan ne suka riƙe shi. Cire muryar Sam Smith daga Latch mu ga me ya rage.

Mubarak: Lokacin wa ya san sunan Sam Smith?

Zainab: Ba wanda ya sani, amma muryar ai tana nan.

Mubarak: To wa ya ji ta ya ce wannan ce? Ai gane kaya shi ne rabin sana'a.

Abba: Ɗan mai gwanjo dai.

Mubarak: Abba wallahi zan kashe maka makirfo. Duba jerin mutanen da ke ciki, AlunaGeorge a White Noise, ita ce ma ta fi hawa a Birtaniya, ta kai lamba 2, Latch lamba 11 kawai ta tsaya a can, mutane suna mantawa da wannan. Eliza Doolittle a You & Me, Jessie Ware, London Grammar a waƙar ƙarshe. Yawancinsu matasa ne masu tasowa, sai daga baya Mary J. Blige ta zo ta hau F for You aka sake fitar da ita, wato babbar yaya ce daga Amurka ta biyo yaran, ba su suka je suka yi layi a ƙofarta ba.

Zainab: Wannan ka ƙara gishiri.

Mubarak: Kaɗan. Amma Latch ɗin ma Amurka sai 2014 ta farka da ita, ta kai lamba 7 a can, kusan shekara biyu bayan ta fito.

Abba: To ashe ba ni kaɗai ne na makara ba.

Zainab: Su shekara biyu, kai fiye da goma, ba ɗaya ba ne.

Abba: Ni fa abin da ya kama ni a waƙar, yadda take rangaji. Ba ta tafiya ɗaya biyu ɗaya biyu kamar sojoji, kamar akwai uku-uku a ƙarƙashi.

Mubarak: Yauwa! Kunnenka na aiki ashe. A ma'aunin 6/8 aka rubuta ta, abin da ba a cika yi ba a kiɗan kulob. Ni a ganina shi ya sa take shiga kunnen namu da sauri, wanda ya tashi yana jin kalangu a gidan biki wannan rangajin ba baƙo ba ne a wurinsa.

Zainab: Ni You & Me na fara sani, kuma ba ta asali ba, rimis ɗin Flume, ɗan Ostireliyan nan. Na yi shekaru ina zaton tasa ce. Da na ji ta cikin albam sai na ce wa ya ƙara mata gudu haka.

Mubarak: Mutane da yawa haka ne, duk bidiyon da aka yi na mota tana tafiya a hankali ko amarya tana juyowa sai ka ji ta.

Abba: Ni kuma wadda ke farko-farkon albam ɗin, When a Fire Starts to Burn, na ɗauka fasto ne yake wa'azi.

Mubarak: Eric Thomas ne, Ba'amurke mai lakcar zaburar da mutane, maganarsa suka yanko suka yi ta maimaitawa a kan kiɗa. Irin masu cewa ka tashi ƙarfe uku na dare ka yi arziki.

Abba: Ni ina tashi ƙarfe uku kullum, sauro ke tashina, har yau shiru.

Zainab: To amma in albam ɗin ya kai yadda kake zuzutawa me ya sa bai ci komai ba?

Mubarak: An saka shi takarar Mercury, kyautar albam ta Birtaniya, a 2013, James Blake ya ɗauka. An saka shi a Grammy, sai ya haɗu da Daft Punk da albam ɗinsu Random Access Memories, to wa zai ja da waɗannan a shekarar? Rashin sa'ar aji ne kawai, ka zo na biyu saboda ɗan hedimasta yana ajinku.

Zainab: Daft Punk ba 'ya'yan hedimasta ba ne, su ne hedimastan.

Mubarak: Na yarda. Kuma abin da nake so masu saurarenmu na Maraɗi da Damagaram su ji, yaran nan daga baya sun leƙo gida. A 2020 sun fitar da wata mai suna Etran, a kan kiɗan Etran Finatawa na Nijar, ƙungiyar nan ta Buzaye da Fulani Wodaabe. Akwai Tondo da suka ɗauko daga Eko Roosevelt na Kamaru, sai Fatoumata Diawara ta Mali da suka yi aiki da ita har sau biyu.

Zainab: Wannan kuma wata muhawarar ce, wa ya ci riba, wa aka sani bayan an gama rawa. Mutum nawa ne cikin masu tsalle a Landan suka je suka nemi Etran Finatawa?

Mubarak: Sun dai sa sunayensu, ba su ɓoye ba.

Zainab: Suna daban, aljihu daban.

Abba: Gwanjon ya juyo kenan, da daga can ake kawo mana dila, yanzu daga nan ake kai musu.

Mubarak: Wannan sai mun ware masa kashi guda, yau Settle muke. To maki, kowa ya faɗi nasa da dalili, ni zan fara, na farko dai tsawonsa, awa guda ne cur kuma akwai waƙa biyu uku a tsakiya da ni ma nake tsallakewa, na biyu...

Zainab: Yaya Mubarak ana kiran magariba fa, kuma batirin rikodar ya koma ja.

Mubarak: Minti ɗaya.

Abba: Ni takwas. A bar min shi a bakwai da rabi in za a sallama.

Zainab: Albarka.

Mubarak: Ku wallahi ba za a yi abin kirki da ku ba. Nawa zan rubuta a gurup. Sai mako na gaba jama'a, Abba kashe abin nan.