Allurar barci a ɗakin tiyata: haɗarinta ga majinyaci da kuma mai yin ta

[Hoto: barandar asibiti da sassafe, 'yan uwa zaune a kan tabarma, ga buta da kwanon sha a gefe]

Assalamu alaikum. Duk wanda ya taɓa zaman jiran ɗan uwansa a ƙofar ɗakin tiyata ya san tambayar da ake fara yi idan an turo gado waje. Ba wanda ke tambayar ɗinki. Kowa cewa yake, "Malam, ya farfaɗo?" Daga Gumel har Rano tsoron ɗaya ne, kada a sa mutum barci ya zarce daga nan. Wannan tsoro na da tushe, amma yawancinmu ba mu san takamaiman inda haɗarin yake ba. Mun ɗauka allurar ce ke da dafi, alhali abin da ya fi kashe mutane shi ne yankewar numfashi ba tare da an lura da wuri ba.

Sa barci iri-iri ne. Akwai allurar da ake yi a wurin da za a taɓa kawai, kamar cire haƙori ko ɗinkin rauni. Akwai allurar baya, wadda ke kashe jiki daga ciki zuwa ƙafa, mutum idonsa biyu yana jin maganar likitoci, ita aka fi yi wa mata idan za a ciro jariri. Sai babbar, wadda ake gusar da hankali gaba ɗaya, ko ta jijiya ko ta iskar da ake shaƙa.

Wannan ta ukun muna kiranta barci ne kawai don ba mu da wata kalmar. Mai barcin gaske idan miyau ya sarƙe shi zai yi tari, idan hancinsa ya toshe zai juya. Wanda aka sa wa magani ba ya iya ko ɗaya. Naman maƙogwaronsa ya saki, harshe ya faɗa baya ya tare hanyar iska, numfashi ya yi ƙasa ko ya tsaya cak, jini ya sauka. Ƙwaƙwalwa kuwa mintoci kaɗan take jurewa babu iskar oksijin. Saboda haka ne ake ajiye mutum guda a wajen kan majinyaci, wanda ba ya riƙe wuƙa, aikinsa ya yi wa majinyaci numfashi, ya tsare bugun zuciyarsa har a gama. A manyan asibitoci likita ne da ya ƙware a kan haka. A asibitocin ƙananan hukumominmu galibi nas ne da ya samu horo na musamman, kuma sau da yawa shi kaɗai ne.

A ranar 16 ga Oktoba, 1846 aka fara gwada wannan aiki a bainar jama'a, a birnin Boston na Amurka. Bai kai shekara biyu ba, a 1848, wata yarinya 'yar shekara 15 mai suna Hannah Greener ta mutu a Ingila bayan an shaƙa mata maganin barci mai suna kulorofom don a cire mata farcen ƙafa. Tun daga nan aka san abin yana da kaifi biyu. Yau a ƙasashen da suka ci gaba, mutuwa saboda sa barci ta koma kamar mutum 1 cikin 100,000. Amma wani nazari da aka buga a mujallar Lancet Global Health a 2016 ya nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, cikin matan da aka yi wa aiki saboda ciki ko haihuwa, kimanin 1 cikin 1,000 sa barcin ne ajalinta. Yawancin magungunan iri ɗaya ne da nasu. Bambancin yana wajen ma'aikata, da oksijin, da na'ura, da wuta. Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta ce a samu aƙalla likita 5 ga kowane mutum 100,000. A Najeriya ko ɗaya bai cika ba.

[Hoto: kofin koko da ludayi]

Bari in tsaya a kan abinci, don nan ne muke da hannu dumu-dumu.

Ƙanin mahaifina an taɓa sa masa ranar aikin gwaiwa. Aka ce daga tsakar dare kada ya ci komai. Da asuba uwargidansa ta dube shi, tausayi ya kama ta, ta ce ai koko ruwa ne, ta miƙa masa kofi guda a ɓoye. Da aka zo turo shi, nas ɗin da zai sa shi barci ya sunkuyo ya ce, "Baba, don girman Allah, ka sa wani abu a bakinka yau?" Baba ya yi shiru. Ya sake cewa, "Ba faɗa zan yi ba, Baba, ranka nake ji." Sai ya ce, "To yaro, ɗan koko ne." Nan take aka ɗaga aikin. Mun ji haushi ranar, ga kuɗin mota, ga gona an bari. Daga baya na fahimci abin da yaron nan ya tsare mana.

A bakin tumbi akwai wata mashiga da ke hana abinci dawowa sama. Maganin barci na sassauta ta. Idan akwai abu a ciki sai ya taso, kuma tunda babu tari, ya gangara huhu tare da ruwan tsamin ciki, wanda ke ƙona huhu. Wani likita a Amurka, Curtis Mendelson, ya bayyana wannan a 1946 a kan mata masu haihuwa. Kofin koko ɗaya ya isa.

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce awa 6 babu abinci, awa 4 ga jariri mai shan nonon uwa, awa 2 ga farin ruwa. Koko, kunu, fura, nono, shayi da madara duk abinci ne. Nama da abu mai maiƙo sun fi daɗewa a ciki, sai a ba su awa 8. Idan asibitinku sun faɗi wani lokaci daban, nasu za ku bi. Kuma kada a zarce a bar ƙaramin yaro da ƙishirwa tun jiya da magariba cikin zafin bazara, wannan ma cutarwa ce. Ku tambaya a gaya muku ƙarfe nawa ne shan ruwa na ƙarshe.

Idan kuwa aikin gaggawa ne, ba a jira. Abin da ake so a wajenku gaskiya ce kawai, me aka ci, ƙarfe nawa. Mai sa barci yana da dabarar da zai bi idan ya san ciki a cike yake.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Hawan jini, ciwon suga, asma, sikila, farfaɗiya, ciwon hanta ko ƙoda, a faɗa. Yaro mai tari da majina da zazzaɓi, a faɗa, don hanyar iskarsa na iya shaƙewa. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe da duk abin da aka karɓo wajen mai magani, a faɗa, wasunsu na taɓa hanta, wasu na hana jini tsayawa. Haƙori mai girgiɗi ko na roba a nuna, kada ya cire ya faɗa maƙogwaro lokacin sa bututun numfashi. Matasa kuma, ina roƙonku. Wanda ke shan tiramol ko kodin ko wiwi, jikinsa ya saba, adadin da zai kwantar da wani ba zai ishe shi ba, kuma zafin bayan aiki zai fi wahalar da shi. Ka ce a ba ka wuri da malamin asibiti, ka gaya masa kai da shi. Ba ɗan sanda ba ne.

Akwai tambayar da ake raina ta: a danginku an taɓa yi wa wani aiki ya kasa tashi, ko jikinsa ya ɗau zafi mai tsanani a kan gadon tiyata? Akwai wata larura ta gado da wasu magungunan shaƙa, irin su halotan, ke tayarwa. Ba ta da yawa, amma tana kisa, kuma maganinta da wuya a same shi a karkara. Idan an san tarihin, sai a kauce wa waɗannan magunguna tun farko.

[Hoto: yatsa a cikin ƙaramar na'ura mai nuna lamba]

Ku dubi wannan 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa. Tana auna oksijin ɗin da ke cikin jini. Mai lafiya lambarsa 95 zuwa sama ce, idan ta yi ƙasa da 90 an shiga haɗari. Tana ƙara da kowane bugun zuciya, kuma idan iska ta fara raguwa sautin yana yin ƙasa, har mai sa barci ya gane da kunnensa kafin ya ɗaga ido. A wajenmu baƙar fata ta fi muhimmanci, don ba a saurin ganin leɓe ya canza launi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin abubuwan da ake dubawa kafin a fara tiyata tun 2008. Jan farce da baƙin lalle na iya rikita ta, don haka idan an san ranar aiki a bar yatsu haka nan. Kuma ba rashin kunya ba ne ɗan uwa ya tambaya cikin ladabi, akwai na'urar yatsa, akwai oksijin, akwai mai a janareta?

Allurar baya ta sha ƙazafi a ƙauyukanmu. Ana cewa tana gurgunta mace, tana bar mata ciwon baya har abada. Lalacewar jijiya na dindindin abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai, kuma yawancin ciwon bayan da ake ɗora mata na ɗaukar ciki ne da aikin gida. Ga mai ciki ta fi barcin gaba ɗaya aminci, don tana numfashi da kanta. Haɗarinta na gaske shi ne jini ya faɗi farat ɗaya, shi ya sa ake sa ƙarin ruwa, a ɗan karkatar da ita hagu, a riƙa awon jini a kai a kai. Wasu kuma na samun ciwon kai bayan kwana ɗaya ko biyu, mai tsananta idan an zauna, ya lafa idan an kwanta. Yakan wuce, amma a sanar da asibiti. Abin da ya fi allurar haɗari shi ne a kawo mace bayan kwana biyu tana naƙuda, ta zubar da jini ko tana jijjiga, sannan a tsaya neman maigida ya dawo daga kasuwa ya sa hannu. Jikin da ya riga ya galabaita ba ya ɗaukar maganin barci kamar mai ƙarfi.

Akwai wani maganin sa barci mai suna ketamin, wanda asibitocin karkara suka dogara da shi don ba ya saurin tsayar da numfashi. Mai farfaɗowa daga shi yakan yi sambatu, ya ga abin da babu. Ba aljanu ba ne, zai wuce. A rage hayaniya a kansa, a kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu sai ya dawo hayyacinsa sosai. Idan kuka ji minshari mai ƙarfi, ko numfashi ya yi nisa-nisa, ko an tashe shi ya ƙi motsi, ku kira nas da gudu.

[Hoto: ma'aikaci riƙe da abin shaƙa a fuskar yaro, taga a rufe]

Shi kuma mai sa barcin da ke tsaye a wajen kai, iskar da majinyaci ke shaƙa shi ma yana samun rabonsa. Tana tsiyaya ta gefen abin rufe fuska, musamman wajen yara, tana fita da numfashin majinyaci. Majinyaci sau ɗaya zai shaƙa ya tafi gida, shi kuwa kullum ne, shekara da shekaru. A ɗakin da aka tsara da kyau akwai bututun da ke janye ragowar iskar zuwa waje. Inda babu shi, ma'aikata na tashi da ciwon kai, jiri, kasala da tashin zuciya. Bincike ya danganta daɗewa cikin irin wannan iska da ɓarin ciki ga ma'aikata mata, kuma halotan na iya taɓa hanta. Tun 1977 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawarar kada irin su halotan su wuce kashi 2 cikin miliyan a iskar ɗaki. Ko dogon tiyo da aka zura daga injin sa barci zuwa bayan taga yana rage abin sosai, kuma ba shi da tsada.

Sai allura. Idan wadda aka yi wa mai ciwon hanta nau'in B ta soki ma'aikacin da bai yi rigakafi ba, yiwuwar kamuwa na iya kaiwa 30 cikin 100. Ta ƙanjamau kimanin 3 cikin 1,000 ce, kuma akwai maganin kariya da dole a fara cikin awa 72, a sha kwana 28. Fuskarsa kuma ita ce mafi kusa da bakin majinyaci, tarin fuka da duk wata cutar numfashi shi take fara samu. A Janairun 2020 zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci biyu a Kano bayan an yi wa wata mai ciki tiyata, ɗaya daga cikinsu likitan sa barci ne.

Wanda ya fi damuna shi ne gajiya. Nas ɗaya, ya kwana a kan mata uku, da safe ga jerin masu gwaiwa na jira, da daddare a sake buga masa waya. Kwalaben magani ƙanana ne kuma suna kama da juna, ido mai jin barci na iya ɗauko wannan a madadin wancan. Wasu ma'aikatan, saboda ciwon jiki da rashin barci, sukan fara taɓa allurar kashe zafin da ke hannunsu har ta kama su. Wannan ciwo ne da ke buƙatar magani, abokan aiki su kai shi inda za a taimake shi kafin ya cutar da kansa ko majinyaci.

Masu zama a kwamitin asibiti, da hakimai da dagatai da kansiloli, idan ana lissafin abin da asibitin gari ke buƙata, ku shiga ɗakin tiyatar da ƙafarku. Ku tambayi mai sa barci tukunyar oksijin nawa ce cike, na'urar yatsa nawa ke aiki, an yi masa allurar rigakafin ciwon hanta sau uku ko ba a yi ba, kuma wa ke karɓarsa ranar da shi ma ya kwanta rashin lafiya.